Mutum nawa ya kamata kwale-kwale ya ɗauka?

Kusan kowace shekara, da zarar damina ta yi nisa koguna sun cika, sai an samu labarin kifewar jirgin ruwa a wani sashe na arewacin Nijeriya.

Kuma kusan kowane lokaci bayanin da jami'ai kan bayar guda ne, wato an yi wa jirgin lodi fiye da ƙima.

To sai dai ba kasafai ake bayyana ko mece ce ƙimar ba, ko wanda ya auna ta, ko kuma yadda fasinjan da ke tsaye a bakin ruwa zai gane cewa an zarce ta.

A ƙasashe da dama, ƙimar jirgi adadi ne na nauyi da ake lissafawa tun a masana'anta, a rubuta shi a jikin jirgin inda kowa zai gani. A galibin wuraren fito na arewacin Nijeriya kuwa, idon matuƙi ne kaɗai ma'auni, kuma shi ne mai karɓar kuɗin fiton.

Ruwan da ke kusa da gida

Mazaunin Samaru ko Sabon Garin Zariya na iya ɗauka cewa wannan magana ce ta mutanen Yawuri ko Lokoja. Amma ruwan bai yi masa nisa kamar yadda yake zato ba.

Kogin Kubanni ya ratsa harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, inda aka datse shi a shekara ta 1973 domin samar wa jami'ar ruwan sha.

Daga nan ya gangara ta cikin gari ya haɗe da kogin Galma, wanda shi ma aka yi masa madatsa a shekarun 1970 domin bai wa Zariya ruwan famfo.

A gefen Galma akwai fadamun da ake noman rake da tumatir da albasa, akwai kuma masunta da ƙananan kwale-kwalensu. A watannin Agusta da Satumba, wurin da ake tsallakewa da ƙafa da rani kan koma sai da jirgi.

Ban da haka, Samaru gari ne na ɗalibai, waɗanda kan fita yawon buɗe ido zuwa madatsun Tiga da Kainji, ko tafkin Jabi a Abuja, ko gaɓar teku a Legas, inda ake shiga ƙananan jirage domin shaƙatawa.

Haka kuma 'yan kasuwar Sabon Gari kan bi kasuwannin ƙauye na jihohin Neja da Kebbi da Taraba domin sayen hatsi da busasshen kifi, kuma wasu daga cikin kasuwannin nan ta ruwa ake zuwansu.

Ɗaya daga cikin haɗurran da har yanzu ake tunawa da su ya faru ne a maƙwabciyar jihar Kano, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga Zariya.

Ranar 30 ga watan Nuwamban 2021, wani kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai, ɗauke da mutane fiye da 40, galibinsu ɗaliban Islamiyya da suka taso daga ƙauyen Badau za su je bikin Mauludi.

Mutane aƙalla 29 ne suka rasu. Hukumar kashe gobara ta jihar ta ce manya 12 ya kamata jirgin ya ɗauka.

Abin da ke riƙe jirgi a kan ruwa

Fiye da shekara 2,200 da suka wuce ne masanin lissafin nan na Girka, Arkimidis, ya bayyana dalilin da ya sa jirgi ke tsayawa a kan ruwa.

Duk abin da aka ɗora a kan ruwa yakan ture wani sashe na ruwan domin ya samu wurin zama. Ruwan kuma yakan tura shi sama da ƙarfin da ya yi daidai da nauyin ruwan da aka ture.

Lita ɗaya ta ruwan kogi nauyinta kilo ɗaya ne. Ke nan idan aka ƙara wa jirgi kilo 100, dole ya ƙara nutsewa har sai ya ture ƙarin lita 100 na ruwa, wato cikin jarka huɗu masu lita 25.

Saboda haka duk mutumin da ya shiga, da duk buhun da aka ɗora, suna rage tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da bakin jirgi.

Wannan tazara ita ce duk abin da jirgi ya mallaka na kariya. Ita ce ke hana igiyar ruwa faɗawa ciki, ita ce kuma ke ba jirgi damar karkata ya dawo daidai ba tare da ya sha ruwa ba.

Wani misali na lissafi

A ɗauki misalin kwale-kwalen katako mai tsawon mita takwas da faɗin mita ɗaya. Da yake gaba da bayansa tsukakku ne, filin da yake kwance a kan ruwa bai wuce murabba'in mita shida ba.

Irin wannan jirgi zai nutse da santimita ɗaya a duk lokacin da aka ƙara masa kilo 60.

A ce idan babu kowa a ciki, bakinsa ya ɗara ruwa da santimita 35.

Manya 12, kowanne mai kilo 75, nauyinsu ya kama kilo 900. Jirgin zai nutse da santimita 15, saura 20.

Idan aka ɗora buhu biyar na masara, irin mai kilo 100 da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, aka kuma ɗora babur ɗaya, an ƙara kusan kilo 600. Santimita 10 sun tafi, saura 10.

Sai kuma ga mutum huɗu sun iso a guje suna roƙon a taimaka musu, domin babu wani jirgin sai gobe. Shigarsu za ta cinye santimita biyar, saura biyar, wato faɗin yatsu uku.

A wannan hali, fasinjoji 16 ne kawai a cikin jirgin, kuma mai yiwuwa har da sauran wurin zama. Amma karkatar da ba ta wuce digiri shida ba ta isa ta kai bakin jirgin cikin ruwa, kuma mutum ɗaya da ya miƙe tsaye ko ya leƙa waje zai iya jawo ta.

Abin da lissafin ke nunawa shi ne, jirgi kan cika da nauyi tun kafin ya cika da mutane.

Allon da ke jikin jirgi

A Amurka, wata doka ta shekarar 1971 ta ba hukumar tsaron gaɓar teku ikon tsara ƙa'idojin ƙera ƙananan jiragen shaƙatawa.

Tun daga ƙarshen 1972, galibin jiragen da tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba, wato kimanin mita shida, sai an maƙala musu wani ɗan allo kusa da mazaunin matuƙi.

Allon kan nuna abu uku: yawan mutanen da jirgin zai ɗauka tare da jimillar nauyinsu, da jimillar nauyin mutane da inji da kaya baki ɗaya, sai kuma iyakar ƙarfin injin da za a ɗaura masa.

Adadin mutanen da na nauyin tare suke aiki. Duk wanda aka fara cimmawa a cikinsu, to an kai iyaka.

Yadda ake samo adadin shi ne, maƙera kan lissafa nauyin da zai nutsar da jirgin har ruwa ya fara shiga, su cire nauyin shi kansa jirgin.

Daga abin da ya rage, kashi ɗaya cikin biyar kawai doka ta yarda a ɗora wa jirgi mai injin da ake ɗaurawa a baya. Wanda ake tuƙawa da hannu kuwa, kashi uku cikin goma.

Dokar ba ta shafi siraran kwale-kwale ba. Amma da za a gwada ta a kan jirgin misalin da ya gabata, wanda kilo 2,100 ne za su kai shi baki, abin da za a yarda ya ɗauka ba zai wuce kilo 630 ba, wato manya takwas ba tare da kaya ba.

Idan ƙaramin jirgi ba shi da allo, masu koyar da tuƙi a can kan ba da wani lissafi na gaggawa: a ninka tsawon jirgi da faɗinsa a ma'aunin ƙafa, a raba da 15.

Jirgi mai tsawon ƙafa 18 da faɗin ƙafa biyar ke nan zai ɗauki mutum shida. Wannan lissafi ya ɗauka cewa ruwa a kwance yake, kuma nauyin kowane mutum kimanin kilo 68 ne.

A ƙasashen Tarayyar Turai ma akwai irin wannan allo, inda ake ƙiyasta babban mutum a kan kilo 75.

Sun kuma kasa jiragen shaƙatawa gida huɗu bisa irin ruwan da aka ƙera su dominsa, tun daga masu iya shiga tsakiyar teku har zuwa waɗanda ba su dace da komai ba sai ƙananan tafkuna da koguna masu kwanciya.

Ƙirga kai bai wadatar ba

Ko inda aka rubuta adadin fasinja, ana iya samun matsala idan ba a lura da nauyinsu ba.

Ranar 2 ga watan Oktoban 2005, wani jirgin yawon shaƙatawa mai suna Ethan Allen ya kife a tafkin George da ke jihar New York ta Amurka, da rana tsaka kuma babu hadari.

Fasinjoji 47 ne a ciki, galibinsu tsofaffi, kuma 20 daga cikinsu sun mutu.

A takarda jirgin bai karya doka ba, domin an ba shi izinin ɗaukar fasinja 48. Sai dai an yi lissafin ne tun shekarun baya, a kan cewa nauyin kowane mutum kimanin kilo 64 ne, alhali matsakaicin nauyin waɗanda ke ciki a ranar ya kai kilo 80.

Bugu da ƙari, an sauya wa jirgin rumfa da wata mai nauyi ba tare da an sake gwada shi ba. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta ƙasar ta gano cewa mutum 14 kawai ya kamata ya ɗauka.

Bayan wannan haɗari da wani da ya faru a birnin Baltimore a 2004, hukumomin Amurka sun ɗaga ƙiyasin nauyin fasinja zuwa kimanin kilo 84 daga watan Disambar 2011, abin da ya sa jirage da dama suka rage yawan mutanen da suke ɗauka.

A arewacin Nijeriya kuskuren da aka fi yi shi ne raina nauyin yara da na kaya.

Yara 40 masu kilo 30 kowanne sun kai kilo 1,200, wato sun fi manya 12 nauyi da kilo 300. Ga shi kuma yara ba su cika zama wuri ɗaya ba, da yawansu kuma ba su iya iyo ba.

Buhu uku na masara daidai suke da manya huɗu. Babur ɗaya ya fi babban mutum nauyi. Inji da jarkokin mai su ma suna cikin lissafi, haka nan tsohon katakon da ya jima yana shan ruwa.

Jirgin da ya nutse a kogin Kwara kusa da Warrah, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, ranar 26 ga watan Mayun 2021, ya haɗa matsalolin biyu.

Jami'ai sun ce yana ɗauke da mutane kimanin 180, alhali bai kamata ya wuce 80 ba, ga kuma babura da buhunan ƙasa da aka ɗebo daga wurin haƙar zinariya. Kimanin mutum 20 ne kawai aka ceto da rai.

Inda nauyin ya zauna

Bayan yawan nauyi, akwai batun wurin da aka ɗora shi.

Nauyin da ke ƙasa a tsakiyar jirgi yana taimaka masa ya tsaya daidai. Wanda ke sama kuwa, kamar kayan da aka jibga ko mutanen da ke tsaye ko zaune a kan buhuna, yana sa jirgi saurin karkata da wuyar dawowa.

Matsawar mutane gefe guda a lokaci ɗaya ta fi komai haɗari, kuma takan faru ne idan an firgita, ko an hango wani abu, ko an kusa isa gaɓa kowa na son riga fita.

A watan Satumban 2018, jirgin fito mai suna MV Nyerere ya kife a tafkin Victoria na ƙasar Tanzaniya, saura 'yan mitoci ya isa tasha a tsibirin Ukara.

An ƙera shi ne domin mutum kimanin 100, amma waɗanda suka mutu kaɗai sun kai 228. Rahotanni sun ce fasinjoji sun matsa gefe guda ne suna shirin sauka.

Ruwan da ya taru a cikin jirgi shi ma yana da nasa lahani. Ban da ƙarin nauyi, duk gefen da jirgin ya karkata can ruwan zai kwarara, ya ƙara danne shi.

Wannan ne ya sa gogaggun matuƙa ba sa wasa da kwarfe ruwa, kuma jirgin da aka cika maƙil har babu wurin sa ƙwarya a kwarfe ya rasa wannan dama.

Yanayin ruwa da lokacin tafiya

Adadin da aka rubuta a jikin jirgi na ranar da ruwa ke kwance ne. Idan akwai iska, ko kogi ya yi ƙarfi, ko ana sa ran hadari, sai an rage.

A ranar 21 ga watan Maris na 2019, iyalai a birnin Mosul na ƙasar Iraƙi sun fito shaƙatawa albarkacin bikin Nairuz, inda suka shiga wani jirgin fito zuwa wani tsibirin wasanni a kogin Dijla.

Jirgin na mutum 50 ne, amma an ninka adadin sau da dama, a lokacin da kogin ya cika bayan an buɗe ƙofofin madatsar ruwa ta Mosul. Mutane kimanin 100 suka mutu, galibinsu mata da yara.

A koguna da madatsun ruwa na Nijeriya akwai ƙarin haɗarin kututturan itatuwa da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, da kainuwa da ke naɗe farfelar inji.

Jirgin da ke da sauran tazara zai iya karo da kututture ya girgiza ya wuce. Wanda aka cika kuwa, girgiza ɗaya ta ishe shi.

Da dare matuƙi ba ya ganin waɗannan abubuwa, masu ceto ma ba sa ganin waɗanda suka faɗa ruwa.

Haɗarin da ya kashe mutane fiye da 100 a yankin Pategi na jihar Kwara a watan Yunin 2023 da dare ya faru, lokacin da 'yan biki ke komawa gida daga jihar Neja.

Haka shi ma wanda ya faru ranar 1 ga watan Oktoban 2024, inda wani jirgi da ya taso daga yankin Mokwa ɗauke da mutane kusan 300 masu halartar Mauludi ya kife, aka rasa rayuka masu yawa.

Layin da ya ceci ma'aikatan jirage

Matsalar lodi ba sabuwa ba ce, kuma an daɗe da samo mata magani mai sauƙi.

A ƙarni na 19, wasu masu jiragen dakon kaya a Birtaniya kan cika tsofaffin jirage fiye da ƙima bayan sun yi musu inshora, ta yadda ko jirgin ya nutse ba su yi asara ba, sai dai ma'aikatan da ke ciki su hallaka.

Wani ɗan majalisar dokoki mai suna Samuel Plimsoll ya shafe shekaru yana fafutika, har aka zartar da doka a 1876 wadda ta tilasta zana layi a jikin jirgi. Idan ruwa ya rufe layin, an zarce ƙima.

Sai dai da farko mai jirgi aka bar wa zaɓin inda zai zana layin, abin da ya rage wa dokar amfani. Sai a 1890 aka mayar da ƙayyade wurin layin hannun hukuma.

Yau kowane babban jirgin da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe yana ɗauke da wannan alama, a ƙarƙashin wata yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966.

Alamar ma ta bambanta ruwan teku da na kogi, domin ruwan gishiri ya fi nauyi, jirgi ya fi nutsewa a ruwan daɗi.

Amma ko alama da takarda ba sa aiki idan babu mai tsayawa a kansu. Jirgin Le Joola mallakar gwamnatin Senegal ne, kuma an san cewa mutum ƙasa da 600 aka ƙera shi ya ɗauka.

Lokacin da ya kife a gaɓar tekun Gambiya ranar 26 ga watan Satumban 2002, alƙaluman hukuma sun nuna cewa mutum 1,863 ne suka mutu, adadin da ya zarce na jirgin Titanic.

Me doka ta tanada a Nijeriya?

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida, wato NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lokoja, ita ce ke da alhakin yi wa jirage rajista da ba su lasisi a koguna da tafkunan tarayya.

Ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023 sun haramta lodi fiye da ƙima da tafiyar dare, sun kuma wajabta sanya rigar kariya daga nutsewa, tare da tanadar hukunci ga wanda ya saɓa.

A 2025, Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa ta fara rabon rigunan kariya 42,000 ga jihohi 12.

To amma hanyoyin ruwan ƙasar sun haura kilomita 10,000, kuma wuraren fito na ƙauyuka sun fi ƙarfin jami'an da ake da su.

Galibin jiragen da ake amfani da su kafintoci ne ke haɗa su da katako a bakin ruwa, ko kuma a sassaƙa su daga gungumen itace. Ba su da zane a takarda, ba a gwada su da nauyi, ba a kuma rubuta musu adadi.

Ke nan ko jami'i ya zo, abu ne mai wuya ya tabbatar an zarce ƙimar da ba a taɓa rubutawa ba.

Akwai kuma batun samu. Kuɗin fito ba shi da yawa, farashin fetur kuma ya tashi matuƙa tun bayan janye tallafi a watan Mayun 2023, saboda haka sawu ɗaya da lodi ya fi wa mai jirgi riba a kan sawu biyu.

Su ma fasinjoji suna da nasu hannu. A ranar kasuwa ko biki babu mai son a bar shi a baya, kuma matuƙin da ya hana dattijo ko maƙwabcinsa shiga ana iya ganinsa a matsayin marar mutunci.

Idan haɗari ya auku, jama'a kan ce ƙaddara ce. Malamai dai sun sha tunatarwa cewa imani da ƙaddara bai ɗauke wa mutum nauyin kiyaye ransa da na waɗanda aka ba shi amana ba.

Abin da fasinja zai duba

Kafin shiga jirgin shaƙatawa na masana'anta, a nemi allon da ke kusa da matuƙi, a karanta adadin mutane da na nauyi, a kuma tuna cewa matuƙin da yaransa suna cikin lissafi.

Idan kwale-kwalen katako ne, a dubi tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgi bayan an gama lodi. Idan 'yar ƙaramar igiyar ruwa na iya taɓa bakin tun ana gaɓa, to a tsakiyar kogi sai ta shiga.

A duba ko akwai ruwa kwance a cikin jirgin, da kuma ko an jibga kaya sun ɗara bakinsa.

A zauna a ƙasa, a raba nauyi daidai tsakanin dama da hagu, kada kowa ya miƙe har sai an ɗaure jirgi a gaɓa, sannan a fita ɗaya bayan ɗaya.

Rigar kariya a jiki take amfani, a ɗaure. Jirgi kan kife cikin 'yan daƙiƙoƙi, babu lokacin laluben wadda aka ajiye a ƙarƙashin benci. Rigar manya kuma takan zame daga jikin yaro.

Malamin da ya fita da ɗalibai, ko shugaban tawagar biki, shi ya fi kowa damar tsayawa ya ce a yi sawu biyu, kuma zai fi sauƙi idan an tanadi kuɗin sawu na biyun tun daga gida.

Aikin da za a iya yi

Auna ƙimar kwale-kwale ba ya buƙatar manyan na'urori. A wasu ƙasashe, masu duba ƙananan jiragen fasinja kan ɗora nauyin da aka sani, kamar durom-durom na ruwa, su matsar da shi gefe guda, su ga iyakar karkatar jirgin.

Da jarkoki masu lita 25, da ma'aunin tela, da gwangwanin fenti, ƙwararre zai iya gwada jirgi a wuri marar zurfi, ya ja masa layi, ya rubuta adadin mutane da na buhuna da manyan baƙaƙe.

Darasin 1876 shi ne kada a bar wa mai jirgi kaɗai wannan aiki. A garuruwa da dama akwai Sarkin Ruwa da ƙungiyoyin masu fito waɗanda jama'a ke jin maganarsu, kuma su ne ke bakin ruwa a ranakun da babu jami'in gwamnati.

Ta fuskar ƙwararru kuwa, Zariya na cikin garuruwan da suka fi kowa tanadi a arewa. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, NITT, wadda aka kafa a 1986 domin horar da ma'aikatan kowane fanni na sufuri, tana kan hanyar Basawa.

Tsangayar koyar da aikin injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana Samaru, cikin haraba ɗaya da madatsar Kubanni, kuma lissafin da ake buƙata na cikin abin da ɗalibanta ke koya tun a shekarun farko.

Layin fenti ba zai cire kututture daga kogi ba, ba zai kuma gina gadar da ƙauyuka ke jira ba. Amma zai ba matuƙi hujjar da zai nuna wa fasinjan da ya matsa sai ya shiga, ya kuma ba uwar da ke riƙe da hannun ɗanta abin da za ta duba kafin ta sa shi a jirgi.